Kafin ka sayi firosesa a Yamai: shago ko intanet?

Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ta farko da na saya ta intanet, Core i5-8400 ce. Na saye ta ne don wata Dell OptiPlex 7040 da muke buga wa ɗalibai takardu da ita, bayan na duba na ga mazauninsu, wato ramin da firosesa ke zama a allon inji, ɗaya ne, LGA 1151. Na yi makonni ina jira. Ranar da ta iso na rufe shago da wuri, na kwance fanka, na ɗaga ƙarfen da ke danne tsohuwar, na sa sabuwa. Ta zauna daram kamar don wurin aka yi ta. Na kunna. Fanka ta juya, fitilar gaba ta shiga ƙyaftawa, ekran kuwa baƙi ƙirin.

Washegari na sa akwatin a taksi zuwa wurin wani dattijo mai gyara da ke kusa da Babbar Kasuwa. Ya ɗaga firosesar zuwa haske, ya karanta lambarta, ya leƙa allon, sannan ya ce: "Ɗana, ƙofar ce iri ɗaya, gidan daban ne. Wannan inji zubi na 6 ya sani. Ta 8 sai allo mai lamba 300." Zubi shi ne jerin firosesocin da kamfani ya fitar a lokaci ɗaya, tawa kuwa ta zubi na 8 ce. Mai sayarwa bai cuce ni ba, abin da na nema shi ya aiko. Sai dai babu wanda zan mayar wa. Ta yi wata huɗu a aljihun tebur kafin in sayar da ita ƙasa da yadda na saya. Da a shago ne, da injin a hannuna, da minti goma ta ishe mu mu gane, in karɓi i7-6700 in koma bakin aiki.

Tun daga ranar, kafin in tambayi farashi nake tambayar kaina: idan ba ta tashi ba, wurin wa zan kai ta? A kan wannan tambaya na gina duk abin da ke biye.

Ka fara tabbatarwa firosesa ce ke ciwo

Yawancin masu zuwa wurina da maganar "injina ya yi nauyi, zan canza masa ƙwaƙwalwa" ba firosesa ke damun su ba. Kunna injin, buɗe abubuwan da ka saba aiki da su, sai ka danna Ctrl da Maj da Échap tare. Gestionnaire des tâches zai buɗe, ka shiga Performance, ka sa ido kan abu uku: Processeur, Mémoire, Disque. Idan Disque ne ke manne a 100% alhali Processeur na can ƙasa tana hutawa, tsohon faifai mai juyawa ne ya gaji, SSD kake bukata, ma'ajiya marar juyawa da ta fi shi sauri. Idan Mémoire ce ta cika, ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita, daga giga 4 zuwa 8 ko 16. Sai idan Processeur ce ke zama a ƙololuwa duk lokacin da kake haɗa bidiyo ko zanen gini, sannan maganar canji ta taso.

Buɗe murfin kuma ka leƙa. Hunturu ɗaya ya isa ya toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya da ƙura har ya zama kamar bargo. Firosesa idan zafi ya yi mata yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kai kuwa sai ka ɗauka tsufa ne. Hura iska da sabon man sanyaya, wanda ake sawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, sun sha dawo da inji hayyacinsa ba tare da an sayi komai ba.

Injin da ya mutu ɗungurungum ma, da wuya a ce firosesa ce. Ita ce ta fi duk kayan ciki tsawon rai. Wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, akwatin wuta take fara kashewa, sai babban allo. Mai portabul kuwa ya huta da wannan bincike: kusan duk waɗanda aka ƙera daga 2015 zuwa yau, an liƙe firosesarsu da dalma a jikin allo, ba a cirewa.

Babban allo ne ke zaɓa, ba kai ba

Babban allo, wanda masu shago ke kira kart mer, shi ke faɗin wace firosesa zai karɓa. Sauke CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin inji, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. A shafin CPU, layin Package zai nuna maka mazaunin. A shafin Mainboard za ka ga sunan kamfani, samfurin allon, lambar cifset (guntun da ke haɗa firosesa da sauran kayan allo), da lambar BIOS (ƴar manhajar allo da ke tayar da inji). Ɗauki hoton shafukan biyu da wayarka. Da wannan hoton za ka je kasuwa, da shi za ka shiga intanet.

A ɓangaren Intel, LGA 1155 na zubi na 2 da na 3 ne, irin na OptiPlex 7010. LGA 1150 na zubi na 4 ne, wanda ya fito a 2013, kuma shi ne cikin OptiPlex 3020 da 9020 da HP ProDesk 600 G1 da suka cika birori da wuraren buga takardu. LGA 1151 ne mai tarko: zubi na 6 da na 7 suna hawa allo mai cifset 100 ko 200, na 8 da na 9 sai mai 300, alhali ramin iri ɗaya ne. LGA 1200 na zubi na 10 da 11 ne, LGA 1700 na 12 da 13 da 14, LGA 1851 kuwa na Core Ultra da suka fito a 2024. A ɓangaren AMD abin ya fi sauƙi: AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga 1000 har 5000, AM5 ya zo a 2022 kuma DDR5 kaɗai yake ci.

Dacewar mazauni rabin magana ce. Shiga shafin kamfanin da ya ƙera allon, nemi jerin firosesocin da ya amince da su, ka ga lambar da kake so a ciki da idonka, ka kuma ga wane BIOS ake bukata. Allon B450, alal misali, ba ya tashi da Ryzen 5000 sai an sabunta masa BIOS, kuma da tsohuwar firosesa a ciki ake sabuntawa. Kada ka sayar da tsohuwa kafin ka yi wannan. Kada kuma ka taɓa BIOS ba tare da ondiler, akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ba: wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, allon na iya mutuwa.

Duba girman akwatin ma. Ƙananan injinan nan masu kamar littafi, Micro ko Tiny ko Mini, yawancinsu firosesa mai wat 35 aka yi su da ita, mai harafin T a ƙarshe. i7-4790 wat 84 take ci, ba wurinta ba ne.

Akwai kuma maganar Windows. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida yana son Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Saboda haka ni ba na ba kowa shawarar ya zuba kuɗi mai yawa a allon zubi na 3 ko na 4. Ɗaga i3-4130 zuwa i5-4570 da ɗan kuɗi kaɗan, wannan da ma'ana, zuciya biyu, wato sassan da ke lissafi a cikin firosesa, ta koma huɗu. Amma idan kuɗin i7 ɗin tsohon zubi ya kusa kai na akwatin okaziyo zubi na 8, sayi akwatin.

Karanta sunan har ƙarshe

"i7 ce fa!" Haka ake tallar ta, kuma haka mutane ke faɗawa. i7-3770 ta 2012 ce. i3-12100 ta 2022 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Lambar da ke bin karan tsakiya ita ke faɗin zubi: 4570 na 4, 8400 na 8, 12400 na 12.

Harafin ƙarshe shi ya fi cin mutane a intanet. F na nufin babu sashen hoto a cikinta, dole sai da kart girafik daban, in ba haka ba ekran ba zai nuna komai ba ko da komai lafiya yake. Ita ce kullum ta fi araha a jerin, shi ya sa hannu ke saurin kaiwa gare ta. K ta masu ƙara gudu ce, ta fi zafi, kuma tun daga zubi na 6 ba a haɗa ta da fanka. A AMD na AM4 abin juye yake: mai G ce ke da hoto. Ryzen 5 5600G tana nunawa ita kaɗai, Ryzen 5 5600 ba ta nunawa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

To, ina za a saya?

Ra'ayina ke nan, bayan shekaru ina yin duka biyun. Firosesar okaziyo ta tsohon zubi, wadda za ka ɗaga injin da kake da shi, saye ta a nan Yamai, da injin a hannunka. Irin waɗannan ba su da wuyar samu, domin daga akwatunan biro da ake shigowa da su ake kwance su, kuma ratar farashinsu da na intanet ba ta kai ta sa mutum ya yi cinikin kifi a ruwa ba. Sabuwar firosesa ta zubi na baya-bayan nan, ko wata lamba takamaimai da ka zaga gari ba ka samu ba, nan ne intanet ke da amfani, domin shagunanmu ba sa ajiye kowace lamba, wadda suka ajiye kuma kuɗin jirgi da duwan da hayar shago duk suna kanta.

Kafin ka yanke, yi lissafi a takarda. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, dalar Amurka ce ke hawa da sauka. A ce ka ga firosesa a yuro 60: jika 39 ke nan da ɗoriya. A ce kuɗin aikowa yuro 15: an kai jika 49. Harajin TVA a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. In aka ɗora shi a kan wannan, an haura jika 58, ba a sa abin da banki zai cire a kati ba, ba a sa taksin zuwa karɓa ba. Da wannan jimillar za ka gwada farashin shago, ba da jika 39 da ka gani a ekran ba. Idan ratar da ta rage jika biyar ce ko goma, kuɗin samun wanda za ka koma wa ne, kuma ya cancanta.

Yadda ake saye a shago

Zaga shago uku ko huɗu kafin ka taya. Kewayen Babbar Kasuwa da Filato akwai masu kayan kwamfuta, masu gyara na unguwa ma sukan ajiye na kwance. Faɗi lambar cikakkiya, kada ka ce "ina son i5". Ka ce i5-4570, ko ka nuna hoton CPU-Z ka ce wace ce mafi ƙarfi da wannan allo zai ɗauka.

Ranar saye, ɗauki akwatin injinka ka tafi da shi, da kile USB mai CPU-Z da HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin firosesa, a ciki. Nauyin ɗauka bai kai nauyin dawowa rigima ba. Tun kafin a buɗe komai ku yi magana a fili: za a gwada a injina, in ta tashi in biya, in ba ta tashi ba kowa ya riƙe nasa. Mai shagon da ya ƙi gwaji, yi masa sai an jima.

Karɓi firosesar a gefe-gefe, kada yatsa ya taɓa cikinta, ka fita da ita bakin ƙofa inda akwai haske. Ta Intel ba ta da ƙafafu, ɗigo-ɗigon zinariya gare ta a ƙasa. Duba ko akwai wanda ya ƙone ya yi baƙi. A tsakiyar cikin akwai ƴan ƙananan abubuwa jere kamar ƙwayar gero, tabbata babu wanda ya ɓalle. Ta AM4 ƙafafu 1,331 gare ta, sirara kamar gashi. Karkata ta ka hango layukan, wanda ya lanƙwashe zai fita daga sahu. Juya bayanta. Rubutun da ke kan murfin ƙarfe da leza ake yin sa, ba ya gogewa da yatsa. Murfin da aka kankare ya yi sheƙi fiye da kima, ko alamar sabon gam a gefensa, abin tsoro ne: akwai masu ɗaga murfin babbar firosesa su liƙa a kan ƙarama.

Bari mai gyaran shagon ya sa ta da hannunsa a gabanka. A allon Intel alluran suna cikin mazaunin ne, kuma idan ɗaya ya lanƙwashe a wurin gwaji, gara a san hannun wa ne.

Ta tashi? Kada ka yi saurin zaro kuɗi. Buɗe CPU-Z ka ga sunan da ke ciki ya yi daidai da na kan murfi, yawan zuciya da gudu su ma haka. Murfi na iya ƙarya, abin da ke ciki ba ya yi. Duba RAM ɗinka duka ya bayyana, domin firosesa mai rauni a wani sashe takan ɓatar da rabi. Sannan shiga shafin Bench ka danna Stress CPU, ka bar ta minti goma sha biyar, HWiNFO na nuna zafi. Zauna ka sha shayi, ku yi hira. Idan injin ya tsaya cak, ko ekran ya yi shuɗi, ko ya mutu da kansa, a cire. Idan zafi ya doshi digiri 95 zuwa 100, a duba zaman fanka da man sanyaya a sake gwadawa kafin a ɗora mata laifi.

Sai ciniki. Ba laifi ka nuna ka san farashin waje, amma da ladabi, don shi ma ya biya kuɗin da kai za ka biya. Tambaye shi ko zai karɓi tsohuwarka a yi maka ragi, da yawa suna yi. In ya ce albarka, ƙara kaɗan ko ka leƙa gaba. In ya sallama, ga abin da ya fi ragin muhimmanci: resi mai tambarin shago, a rubuta lambar firosesar cikakkiya, da lambobin da ke kan murfinta, da kwanakin garanti, da abin da za a yi in ta lalace, canji ne ko mayar da kuɗi. Na taɓa cewa wani mai shago ya rubuta, ya ce: "Haba maigida, ai mun saba." Na ce masa: "Alhaji, don sabon ya ɗore nake so a rubuta." Ya yi murmushi ya ɗauko biro. Har yau wurinsa nake saye.

Idan sabuwa ce cikin kwali, gwada lambar da ke jikin takardar kwalin da wadda ke kan firosesar, su zama ɗaya. Intel yana da shafin da ake sa lambobin FPO da ATPO da ke jikin kwalin a ga matsayin garanti. Intel da AMD duka suna ba ta kwali garantin shekara 3, wadda ba ta da kwali kuwa, mai zuwa tsirara cikin roba, garantinta na wuyan wanda ya sayar. Amma a aikace garantin kamfani na nufin aika kaya ƙasar waje da jira. A Yamai, fuskar mai shago ita ce garantin da ke aiki.

Yadda ake saye ta intanet

Hanya uku ce, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko, manyan kasuwannin ƙasar Sin irin AliExpress. Tsofaffin zubi da ke can kusan duk na kwance ne, ko da hoton na sheƙi. Kasuwa ce mai dubban ƴan tireda, don haka ɗan tiredan za ka bincika: shekararsa nawa a wurin, guda nawa ya sayar na wannan lambar, me masu tauraro ɗaya da biyu suka rubuta, akwai hotunan CPU-Z da masu saye suka ɗora? Tallan da ke da lambobi da yawa a shafi ɗaya, farashin da ke sama na mafi ƙanƙantarsu ne. Duba wadda ka zaɓa kafin ka biya. Guji duk mai ES ko QS a suna. Samfurin gwaji ne da kamfani bai fitar don sayarwa ba, a murfinsa akan rubuta Intel Confidential, Windows kuma kan nuna shi da 0000 a madadin suna. Wani allo ya karɓa, wani ya ƙi, babu garanti ko na kwana ɗaya. Araha ba ta ado.

Haka kuma, ni ba na sayen okaziyon i7 ko i9 zubi na 13 da 14 daga wanda ban sani ba. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu daga cikinsu na lalacewa sannu a hankali saboda wutar da ta yi musu yawa, ya fitar da gyara ta BIOS, ya ƙara shekara biyu a garantinsu. Gyaran yana kare mai lafiya, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, kuma ido ba ya bambance su.

Wajen biya, yi amfani da katin Visa na lodawa da bankuna ke bayarwa, ka sa masa daidai abin da za ka kashe da ɗan ƙari. A cikin shafin za ka biya. Ɗan tiredan da ya ce ku koma WhatsApp zai yi maka ragi, so yake ya raba ka da kariyar kasuwar. Wajen adireshi, rubuta sunanka yadda yake a katin ɗan ƙasa, da akwatin gidan waya idan kana da shi ko na wurin aikinka, da unguwa, da lambar waya mai +227 wadda kullum take kunne, domin a nan da waya ake nemo mai kaya. Zaɓi aikowa mai lambar bibiya. Ta gidan waya ta fi sauƙin kuɗi ta fi jinkiri, ta irin su DHL ta fi sauri ta fi tsada. Buga faktir da shaidar biya a takarda ka tafi da su ranar karɓa, don duwan su yi lissafi a kan abin da ka biya da gaske.

Da ƙunshin ya shigo hannunka, kunna bidiyo tun kafin ka yage leda, takardar adireshi ta fito, ka buɗe ba tare da ka tsayar da ɗauka ba, ka nuna gaba da bayan firosesar. Kada ka danna cewa ka karɓi kaya lafiya sai ka gwada. Wa'adin ƙorafi na rubuce a shafin odarka, kuma ba ya jiran kowa. Gwada a ranar, ko washegari.

Hanya ta biyu, shagunan Turai irin Amazon na Faransa ko LDLC, a kai gidan ɗan'uwa, matafiyi ya zo maka da ita a aljihun jaka. Ga sabuwar firosesa wannan ce na fi natsuwa da ita. A Amazon duba layin da ke faɗin wa ya sayar, wa zai aiko, domin can ma akwai ƴan tireda na waje. Ka kuma lura da lokaci: dokar Turai ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya, amma daga ranar da aka kai gidan ɗan'uwan ake ƙirga, ba daga ranar da ta sauka a filin jirgin Diori Hamani ba. Kada ka yi oda wata biyu kafin tafiyar. Bari sai saura mako ɗaya, kuma a ajiye maka faktir. Ƴan kasuwa masu zuwa Dubai ko Guwanzu ko Kano ma ana ba su sautu. Rubuta musu lambar a takarda har harafin ƙarshe, kuma su turo hoton murfin kafin su biya.

Hanya ta uku, masu talla a Facebook da zaurukan WhatsApp na cikin gari. Sunanta intanet, amma ka ɗauke ta kamar shago marar ƙofa. Ku haɗu a wurin mai gyaran da ka yarda da shi, a gwada kamar yadda na faɗa a sama, sannan kuɗi ya fita. Wanda ya ce ka turo kafin alƙalami ta Nita ko Airtel Money don "mutane da yawa na nema", bar musu.

Ga mutanen Tawa

Ƙanena da ke Tawa ya sha kira na kan wannan. Tsakaninsa da Yamai sama da kilomita 500 ne, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, don haka shagon Yamai ma a wurinsa saye ne daga nesa. Abin da muke yi: ya turo hoton CPU-Z, in nemi shagon da ke da inji irin nasa, a gwada a gabana, in ɗauki bidiyon ekran da na murfin in tura masa, sannan ya turo kuɗi. Wanda ba shi da kowa a Yamai ya nemi a yi gwajin yana kallo ta kiran bidiyo, a nuna masa lambar murfin kafin a sa da bayan an cire.

Wajen aikawa a mota, firosesa ƙarama ce, ambulan na ɓacewa ko a danne shi da buhu. A sa ta cikin robarta mai rufewa, in ta AM4 ce a kare ƙafafun da soso, a naɗe, a sa cikin kwali mai girman na takalmi a cika da takarda, a karɓi resin kamfanin motar. A haɗa da man sanyaya a ƙunshin.

Sawa da gwajin gida

Zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, musamman a hunturu da jiki ke tara tartsatsi. Idan allon AM4 ne, bar injin ya yi aiki minti kaɗan kafin ka kashe, sannan ka murɗa fankar hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. Busasshen mai kan manne firosesa a jikin fanka ya fizgo ta da ƙarfi har ƙafafu su lanƙwashe.

A kusurwa ɗaya ta firosesar akwai ɗan alwatika, a mazaunin ma akwai. Daidaita su, ka sake ta ta zauna da nauyinta. In ba ta zauna ba, ɗaga ka sake dubawa, kada ka danna. Goge tsohon mai da alkol da ƙyalle mai tsabta, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, bushewa yake cikin kwanaki. Ɗaure kusoshin fanka a gicciye, kaɗan-kaɗan, ka mayar da wayarta inda aka rubuta CPU_FAN. Tashin farko kan ɗan jima, a allon AM5 har mintuna yakan ɗauka ekran na baƙi yana daidaita RAM, kada ka kashe.

Gwajin shago na minti goma sha biyar ne, wataƙila a ɗaki mai sanyi. Naka na gida ka yi shi da azahar, a ɗakin da injin zai zauna, da aikin da ka saye ta dominsa, awa ɗaya ko biyu. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa na haura digiri 40, kuma firosesar da ta nuna 75 da safe tana iya nuna abin da ya fi haka sosai da rana. Idan tana yawan haura 90, sayi fanka mai girma, ɗaga akwatin daga ƙasa, janye shi daga jikin bango. Maimaita gwajin kwana uku a jere tun kwanakin garanti ba su ƙare ba. Tsohuwar firosesa kuwa, idan ba ka bayar da ita a ciniki ba, sa ta cikin robar sabuwar, rubuta lambarta a jiki, ka ajiye tare da resi har wa'adin ya wuce.